Taku Goma Sha Shida

A tashar motar da yake aiki ba wanda ya san shi da wani suna sai Lasifika. In ya tsaya a ƙofar bas ya buɗe maƙogwaro yana kiran fasinja, mai facin tayar da ke can ƙarshen layi sai ya dakata da hirarsa har ya sauke numfashi. Direbobi na rububinsa, don motar da ya yi wa kira ita ke riga cika. Matarsa kuwa tun shekarar farko ta haƙura da cewa duk maganar da za su yi a ɗaka maƙwabta za su ji, har wani lokaci su ba da shawara ta kan katanga. Shi bai taɓa ɗaukar wannan aibi ba. Cewa yake kowa da inda Allah ya ajiye masa abincinsa, wani a hannu, wani a ka, nasa kuma a wuya aka sa.

Wannan wuyan ne ya hau da shi jirgin sama karo na farko a rayuwarsa. Ƙanwarsa, wadda duk gidan ke kira Auta, ta rasa idonta tun tana 'yar shekara tara, bayan wani zazzaɓi da ya kwantar da ita wata guda a asibiti. Yanzu shekarunta ashirin da huɗu, malama ce a makarantar makafi, tana koya wa 'yan aji biyu karatu da yatsa. Da yamma kuma, in an tashi, sai ta canza takalmi ta yi dogon tsalle. Wasa ne da makaho ba ya yin sa shi kaɗai. Dole wani ya tsaya a bakin ramin yashi yana tafi yana kira, ita kuma ta sheƙo a guje ta bi muryar a miƙe, taku goma sha shida, a na ƙarshe mai kiran ya kauce ya ce ta tashi. In muryar ta karkace ita ma ta karkace, gefen ramin kuwa ba yashi ba ne.

Filin makarantar katanga ɗaya ce ta raba shi da tashar. A hagu masu walda ne, a dama injin yankan katako, wanda ba ya hutawa sai in an ɗauke wuta, in an ɗauke kuma janareto uku su karɓa. Malamin motsa jiki na makarantar, wanda kowa ke ce wa Koci, shi ya fara yi mata kira, amma mutum ne mai 'yar siririyar murya, kafin ta kai rabin hanya injin ya haɗiye ta. Sai aka leƙa ta katanga aka kira Lasifika. Tun daga ranar, shekara shida ke nan, ƙarfe biyar na yi yake barin tasha ya zagayo, ya tsaya a bakin yashin da shi da Auta suka roƙo a wurin magina, ya hau kira: zo, zo, zo, tashi. Masu walda har sun haddace, wani lokaci su taya shi.

A duk ƙasar ita kaɗai ce makauniyar da ke wannan tsalle. Ƙasar ma ba wani girma gare ta ba. Mota mai lafiya in ta tashi da safe daga wannan iyaka, kafin rana ta faɗi ta taɓo waccan. Sau uku Auta na cin gasar ƙasa, ita ce ta ɗaya, ita ce ta ƙarshe. Wajen awo kuma Koci ke riƙe bakin tef ɗaya, yayanta ya riƙe ɗayan, ita kuwa ta san yayanta mutum ne mai sakin hannu. In ya ce mita huɗu da talatin sai ta ce to, ba ta musa ba, ba ta kuma yarda ba.

Don haka da takarda ta zo cewa an ware wa ƙananan ƙasashe 'yan gurabe a babbar gasar nakasassu ta duniya, kuma ɗaya ya faɗo kanta, ba lambar yabo ta sa a rai ba. Koci ya gaya mata gaskiya, cewa irin wannan gurbi sau ɗaya ake ba mutum, kuma matan da za ta tarar can suna kusantar mita biyar. Ta ce ta ji. Ranar da za su tafi, Innarsu na ta cusa mata man zafi da safa a jaka, Auta ta faɗi abin da take so a gaban kowa.

"Ni dai a auna, Inna. Wanda bai san ni ba, bai san ki ba, ya auna ya rubuta a gaban sunana. Ko mita biyu ne."

Lasifika ya ce in dai wannan ne ta ɗauka an gama. Inna ta ce shi dai ya dawo mata da 'yarta da ƙafafunta biyu, awo kuwa ko oho.

Su biyar ne 'yan wasan ƙasar: Auta, da wani mai gyaran takalmi da ke ɗaga ƙarfe a kwance, da wata mai ƙwallon tebur, da 'yan tseren keken guragu biyu masu tayar safaya ɗaya tsakaninsu. Koci shi ne kocin dukkansu, shi ne mai tausa, shi ne tafinta da ɗan abin da ya tsinta na yaren mutanen can. Akwai wani jami'i da aka haɗa su da shi, amma tun da suka sauka ba a ƙara ganinsa ba sai a hoto. Ranar buɗe gasa wasu ƙasashen sai da suka ɗauki minti biyar suna wucewa. Su kuwa kafin mai kyamara ya gama juyowa sun wuce. Inna da ta yini a gaban talabijin ƙeyar ɗanta kawai ta gani, ta ce ta gane ta.

An ba su ɗakuna biyu a hawa na bakwai na wani dogon gini. Komai a gidan an yi shi don irinsu, ƙofofi masu faɗi, ƙarfen dafawa a banɗaki, lif mai magana, da wani layi mai ƙuraje-ƙuraje a ƙasa wanda ƙafar makaho ke bi har ɗakin cin abinci. Kwana ɗaya Auta ta haddace gidan, ta daina neman hannun kowa. Lasifika ne ya yi ta ɓata, sau biyu yana buga ƙofar wasu bayin Allah a hawa na shida. Sannu kawai ya yi wa wata mai shara a baranda, matar ta saki tsintsiya. Mai ɗaga ƙarfe ya ce a bar shi ya kira gida ta taga, ba sai an wahalar da waya ba.

Ana atisaye a wani ƙaramin fili a bayan babban filin wasa, buɗaɗɗe, ba rufi, ba kujeru, titi na gefensa. Nan suka yi kwana uku, komai daidai. Takun Auta goma sha shida cif, ƙafarta na sauka a tsakiyar farar hodar da ake barbaɗawa a wurin tashi, inda sawun mutum ke fita a auna daga nan. Babban filin kuwa ba a shigarsa sai ranar gasa. Koci ya zaunar da su ya maimaita musu dokar. Gwaji uku ne. Wadda ta tashi a wajen hodar, ko ta dira a wajen yashi, jar tuta ce, ba awo. Wadda ta tara ja uku sai ta koma gida da sunanta fayau, ba komai a gabansa. Lasifika ya ce a daina kira musu abin da ba zai faru ba.

Ana wata ga wata, da jadawali ya fito sai ga tsallen Auta da ɗaga ƙarfen mai takalmi safiya ɗaya, sa'a ɗaya, a wurare biyu masu tafiyar minti arba'in tsakaninsu. Koci ba zai rabu biyu ba. Mai takalmi ba shi da kowa, Auta kuwa tana da yayanta, shekara shida suna abu ɗaya. Ba a ma tsaya shawara ba. Koci ya dafa kafaɗar Lasifika ya ce ya yi yadda ya saba kawai, ya ruga ya kama bas.

A ɗakin tantancewa aka manna wa matan su goma sha ɗaya auduga a ido, aka ɗora baƙin ƙyalle a kai, don kada mai ɗan sauran gani ta fi wadda ba ta da shi. Auta ta ce a kanta dai ɓarnar auduga ce. Aka ba Lasifika wata riga mai ruwan lemo da ta matse shi a hammata, sannan aka jera su, kowace da hannu a kafaɗar mai kiranta, aka bi da su ta wani dogon lungu a ƙarƙashin kujeru har suka ɓullo fili.

Bai taɓa ganin wuri irinsa ba. Kujeru ne hawa-hawa sun kewaye ko'ina, ga rufi ya sunkuyo ta kowane gefe, kamar mutum na tsaye a gindin ƙatuwar tukunya. Safiya ce, rabin kujerun ba kowa, mafi yawan waɗanda suka zo 'yan makaranta ne da malamansu. Da lokaci ya yi aka yi sanarwa, aka kuma nuna hoton yatsa a kan leɓe a babban allo. Dubban mutane suka yi tsit. Lasifika, da aka haifa a gidan haya mai ɗaki goma sha biyu, bai taɓa jin shiru irin wannan ba, kuma bai so shi ba.

Auta ce ta bakwai. Ya tsaya yana kallon masu kiran da suka riga shi, tausayinsu ya kama shi. Wata ɗan tafi kawai take yi kamar mai kiran kaji. Wani dattijo kuma kalma ɗaya yake ta maimaitawa ƙasa-ƙasa, sai ka ce bai karya ba. Ya raɗa wa Auta, irin raɗarsa da sai da alƙalin wasa ya waiwayo, cewa yau mutanen nan za su ga yadda ake kira.

Da aka zo kanta ya kai ta kan alamarta, ya kama kafaɗunta ya saita ta, ya miƙe hannayenta biyu gaba suka nuna ramin, sannan ya taka mita talatin na layin gudun ya tsaya bayan hodar. Ya ɗaga hannu, ya cika ƙirji, ya saki murya. Yara a sama suka zabura. Auta ta taso da kyau, taku biyar, shida, sai ya ga kanta ya ɗan juya kamar mai neman wani abu. A na goma ta fara jan hagu. Ya ƙara murya, ta ƙara ja. Ta tashi a gefen hodar, ta dira a yashi, alƙali ya ɗaga jar tuta.

Bai damu sosai ba. Wurin ne da girma, ya gaya mata yana karkaɗe mata yashi a baya, murya na ɓacewa a hanya, kuma laifinsa ne da ya ji nauyin mutane ya rage. Wannan karon ba ragi. Ta buɗe baki kamar za ta yi magana, sai ta rufe, ta nemi gorar ruwa. Shi kuma bai tambaya ba, don mutum ne da in ya samo wa abu amsa ɗaya ba ya neman ta biyu.

A gwaji na biyu ya yi kiran da bai taɓa yi ba ko ranar da motoci uku ke jiran fasinja ɗaya. Jijiyoyin wuyansa suka miƙe, tafin hannunsa ya ɗau zafi. Ta taso, ta ja dama wannan karon, ta dawo, ta sake jan dama. Kamata ya yi ya tsayar da ita, doka ta yarda ta koma ta sake in da sauran lokaci. Bai tsayar ba. Gani ya yi kamar in ya ƙara ƙarfi kaɗan zai janyo ta tsakiya. Ta tashi a karkace, ƙafarta ɗaya ta sami yashi, ƙugunta da gwiwar hannunta suka sami ƙaƙƙarfan bakin ramin. Ƙarar faɗuwar ta kai har kujerun sama, filin gaba ɗaya ya ja numfashi.

Masu agaji biyu suka rugo. Ba karaya, in ji su da hannu da ka, amma fatar gwiwar hannun ta ɗaye, jini na bin yatsunta. Suka wanke, suka naɗe. Alƙali ya riga ya ɗaga jar tutarsa ya sauke, don shi aikinsa ke nan.

Suka koma benci. Mata goma ne za su yi tsalle kafin a sake zagayowa kanta, minti goma sha biyar ke nan ko ƙasa da haka. Lasifika ya zauna kusa da ita. Tsoro ya ji, irin wanda ya daɗe bai ji ba, ga kuma kunya a kai. Ya ce su haƙura. Ya ce an ga ƙoƙarinta, duniya ta gani, in ta karye a ƙasar mutane da wane ido zai kalli Inna. Duk wannan da muryarsa ta kullum ya faɗa, har wata mai kira da ke kusa ta sa masa yatsa a leɓe.

Auta ta bari ya gama. Ta lalubo hannunsa ta riƙe.

"Yaya, kai huɗu nake ji."

Ya ce bai gane ba.

"In ka yi kira, akwai kai a gaba, akwai kai a hagu, akwai kai a dama, akwai wani a sama ta bayana. Duk muryarka ce, duk suna cewa in zo. In ka ƙara ƙarfi su ma sai su ƙara. Ban san wanne zan bi ba."

Ya so ya musa. Shekara shida yana wannan aiki, yau kuma a ce muryarsa ce matsala? Amma daidai lokacin aka sake yin tsit don wata doguwar mata za ta taso, mai kiranta ya buga tafi ɗaya don ta san inda yake. Lasifika, wanda a rayuwarsa bai cika tsayawa sauraron komai ba, ya kasa kunne. Tafin ya tafi, ya bugi rufi, ya dawo ta hagu, ya sake dawowa ta dama, ƙanana-ƙanana. Tafi ɗaya ke nan na mutum mai hankali. Ya kwatanta da nasa kiran sai ya gane. A gida ba rufi, ba kujeru, abin da ya wuce kunnen Auta injin katako ke cinyewa. Nan kuwa ba abin da ke ɓacewa, duk abin da ka jefa sai an maido maka. Ashe dattijon nan ba yunwa ce ke damunsa ba.

Ya tambaye ta me ya hana ta faɗa tun a na farko. Ta ce ta so, amma ya riga ya ba kansa amsa, ita kuma ta ɗauka za ta iya tsince na gaskiyar a cikin huɗun. Ta gwada, ga sakamakon a gwiwar hannunta. Saura gwaji ɗaya, kuma ba za ta bar shi ba, ko shi ya yi mata kiran, ko ta roƙi alƙali ya yi.

"To yaya zan yi?"

"Ka bar tafin. Ka yi magana kawai, kamar kana gaya wa direba abin da ba ka so fasinja su ji."

Ya ce shi bai taɓa samun irin wannan maganar ba. Ta yi dariya har ta dafe ƙugun da ya bugu, ta ce to yau sai ya fara, in kiɗa ya canza rawa ma canzawa take.

Ba a fafe gora ranar tafiya, amma ba su da wata ranar. Ya sunkuyar da kai tsakanin gwiwoyinsa yana gwadawa, zo, zo, zo, abin na fita ko dai da ƙarfi ko kuma iska zalla. Tsakanin biyun akwai wata murya da bai san inda take a wuyansa ba. Yana cikin lalube aka sake zuwa kanta.

Ya saita kafaɗunta, ya ji ba sa rawa. Ya taka zuwa wurinsa. Mita talatin ɗin nan sai ya ga sun fi ɗazu nisa, ita kuma ta yi 'yar ƙarama can, da baƙin ƙyalle a fuska da farin bandeji a hannu. Agogon da ke gefe ya fara cin minti ɗayan da ake ba kowa. Ya haɗa hannayensa a baya don kada su yi tafi da kansu. Ya ce, "Auta, ga ni nan," da irin muryar da ake tambayar mara lafiya ya jiki.

Shi kansa da ƙyar ya ji. Ya tabbata ba ta ji ba, ba ma yadda za a yi ta ji, har ya ja numfashi zai gyara. Sai ya ga ta ɗan juya fuska, ta tsayar da ita cak a kansa, ta ɗaga hannu.

Ta taso. Zo, zo, zo. Ya ga tana tahowa a tsakiyar layi kamar an ja zare. A taku na takwas duk jikinsa ya nemi ya wage maƙogwaro, don gudun da take yi ya fi na ɗazu, shi kuma a saninsa abu in ya yi zafi murya ake ɗaga masa. Ya danne. Zufa ta shiga idonsa bai share ba. Sha uku, sha huɗu, sha biyar, ya ja jiki gefe ya ce tashi, ba da ƙarfi ba. Ta wuce shi, iskarta ta taɓa fuskarsa, ta dira a tsakiyar yashi ta gangara gaba.

Bai kalle ta ba, alƙali ya kalla. Mutumin ya duƙa ya duba sawun da ke cikin hodar, bai yi sauri ba, sannan ya ɗaga farar tuta. Yaran da ke sama, da aka daɗe ana danne su, suka ɓarke da ihu. Wata mata mai gilashi, wadda ba ta san Auta ba, ba ta san Inna ba, ta kafa tsinke a inda ta dira, wani ya leƙa na'ura, allo ya kawo mita huɗu da santimita bakwai.

Auta ta ce ya karanta mata. Ya karanta. Ta ce ya sake, da sunan da ƙasar da komai, yadda aka rubuta. Ya sake. Ta tsaya tana juya abin a ranta, yashi har cikin kunnenta, sannan ta ce ashe santimita ashirin da ukun nan da ake ƙara mata a gida kyautarsa ce. Da sauran huɗun suka gama, ita ce ta zo ta tara cikin goma sha ɗaya. Takwas ake ɗauka su ci gaba, santimita shida ne suka raba ta da ta takwas. Ya zaci abin zai yi mata ciwo, ya kuma yi mata, ta faɗa da bakinta. Amma murnar ta fi yawa, kuma ba ta ɓoye ba.

Aka fitar da su ukun da ba su haye ba ta lungun da suka shigo. An cire mata ƙyallen da audugar, tana tafe tana ɗan ɗingishi, hannunta mai lafiya a kafaɗarsa. Sauran sun yi gaba, lungun ba kowa sai wani mai gadi a kan kujera can nesa. Abin na cin Lasifika, sai da ya tambaya. Ya ce shi fa bai ji kansa ba, alƙalin da ke tsaye taku biyu da shi ma bai nuna alamar ya ji ba, ita ta yaya ta ji daga can?

"Yaya, ido na rasa, ba kunne ba."

Ya ce ai ya sani. Ta ce a'a, bai sani ba. Ta tsaya, dole shi ma ya tsaya.

"Ka tuna da can kai ne Baba ke ce wa ka buɗe baki ka yi magana a ji? Ranar da aka dawo da ni daga asibiti na tashi zan fita tsakar gida, ashe Inna ta bar murhun gawayi a bakin ƙofa. Ka daka min tsawa na tsaya. Tun daga ranar ba ka ƙara yi min magana a hankali ba sai yau."

Ya tuna murhun. Ya tuna yana ɗan shekara goma sha biyar, da bokiti a hannu, da ƙafarta saura taku ɗaya ta shiga garwashi. Abin da bai taɓa lura ba shi ne bai sauke muryar ba bayan nan, da fari a kanta, daga baya a kan kowa. Shekara goma sha biyar, safe da yamma, ga ruwa, ga takalminki, bi a hankali, duk a saman kanta kamar tana ƙetaren titi. Ya tambaye ta don me ba ta taɓa cewa ya rage ba.

"Na san tsoro ne. In ka yi ihun kana samun sauƙi, sai na bar maka."

Suka ci gaba da tafiya. A ƙarshen lungun akwai matakala kafin ƙofar fita. Ya hango ta tun daga nesa, ya ji ƙirjinsa ya cika da kansa zai saki murya yadda ya saba. Ya bari har suka iso, ya rage tafiya.

"Akwai matakala, Auta. Hawa uku."

"Na ji, Yaya," ta ce, ta ɗaga ƙafa.